Kafin Ka Shiga Daji Da Tsohuwar Mota, Fara Shiga Ƙarƙashinta

Jama'a, ga damina ta ja baya, rafuka sun fara janyewa, hanyoyin da suka yanke tun watan Yuli sun soma buɗewa. Yanzu ne lokacin rangadi. Malaman gona za su fita duba amfani da auna gonakin gwaji, 'yan kasuwa za su bi ƙauyuka sayen riɗi da waken soya, akawunan ƙungiyoyin gama kai kuma za su fita karɓar bashin taki. Wani sai ya yi kwana goma, wani mako uku, bai taka kwalta ba, inda dare ya yi masa nan ne masaukinsa. Yawancinmu kuwa ba mu da ƙarfin sabuwar mota. Abin da hannu ya kai shi ne tsohuwar Land Rover ko Land Cruiser, irin mai ja da ƙafa huɗu, wadda ta girmi direbanta.

Ni ban ga aibin tsohuwar mota ba. Abin da ni ke ganin aibinsa shi ne yadda a ke shirya ta. Da mutum ya sayo ta, sai ka ga ya nufi wurin mai fenti, daga nan sai wurin mai walda a kafa mata ragar ɗaukar kaya a bisa, a jera mata fitilu kamar gidan biki, a sayo tanti da firji. Kuɗi sun ƙare, ba wanda ya kwanta a ƙasa ya dubi cikinta. Ra'ayina shi ne a juya abin. Kuɗin farko na ƙarƙashin mota ne, abin da ya saura shi a ke yin ado da shi, in ma ya saura.

Dalili kuwa yana cikin ƙirar motar tun asali. A shekarar 1948 aka fara fito da Land Rover a Ingila, domin aikin gona ma aka yi ta. Lokacin an fito daga yaƙi, ƙarfe ya yi wuya, saboda haka aka yi jikinta da alminiyam, amma cesis ɗin da ke ɗauke da ita ƙarfe ne. Alminiyam ba ya tsatsa, ƙarfe yana yi. Don haka sai ka ga mota tana sheƙi a waje, ƙasanta kuwa ya ruɓe, kyan ɗan maciji ke nan. Ɗauki ƙaramar guduma ka shiga ƙarƙashi, ka bi cesis tun daga gaba har baya kana ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji shi dum, har ɓarɓashi ya zubo maka a fuska. Ka fi tsayawa wurin da sifirin ya kama cesis, da ƙarfen da ya gitta a can baya inda a ke ɗaura igiyar ja. Kadan ka tarar an shafe cesis da baƙin fenti mai kauri sabo fil, to, ka tambayi mai sayarwa abin da ya ke ɓoyewa. Motar da aka shigo da ita daga Turai ta fi wannan ciwo, domin can suna zuba gishiri a hanya lokacin ƙanƙara.

Bayan cesis sai ruwa. Galibin tsofaffin motocin da ke mutuwa a daji zafi ne ke kashe su, ba wani abu ba. A cire lagireto a wanke cikinsa, a canja tiyo ko wanne, a canja fambel, tsofaffin kuma a ajiye su cikin akwati su zama na ko-ta-kwana. Akwai wata al'ada ta makanikanmu ta cire ƙaramin murfin nan da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama, wai ƙasarmu da zafi. Ni ban yarda da ita ba. Motar da ke tafasa tana da ciwo a wani wuri, cire murfin ɓoye ciwon ya ke yi kurum. Har wa yau, cikin kaka 'ya'yan ciyawa su kan toshe fuskar lagireto, sai a sa raga irin ta taga a gabansa, a riƙa kakkaɓewa. Busasshiyar ciyawa kuma ta kan taru a jikin salansa. Duk inda ka tsaya, leƙa ka cire ta da sanda, domin da haka a ke ƙona mota, a haɗa da dawar mutane da ba a girbe ba.

A juye mai duka, ba baƙin man inji kaɗai ba, har na giyabos da na ƙafafun gaba da baya. Dubi launinsa sa'ad da ya ke zuba. In ya yi fari kamar kunun gyaɗa, ruwa ya shiga. Yadda abin ke faruwa shi ne, ƙarfe ya yi zafi da tafiya, ka afka cikin rafi mai sanyi, iskar da ke ciki ta tsuke, sai ta zuƙo ruwa ta ƴar kafar numfashi. Saboda haka ko wane rafi mai zurfi ka ƙetare, ka sake dubawa da maraice. Mai Land Cruiser mai injin gas ɗin nan da a ke kira 1HZ, wanda Toyota ta fara yi a 1990, ya tuna yana da bel a ciki mai haɗa tafiyar inji. In ya tsinke, injin ya tashi aiki. Kadan ba ka san ranar da aka sa shi ba, canja shi kafin ka tashi, kada kuma ka bari ya wuce kilomita 100,000.

Maganar burki ba ta da tsawo. Man burki yana shan laima, a canja shi ko wace shekara biyu. Wanda ya taɓa gangarowa daga tsaunin Mambila zuwa Mayo Selbe ya san ba da burki a ke sauka dutse ba, da ƙaramar giya a ke yi, burki taimako ne. In ka fito daga ruwa kuma, taka shi sannu sannu kana tafiya har ya bushe.

Taya kuwa, a nan ne araha ke cutar mutane. Tayar gwanjo ta kan zo da zanenta ras, alhali robar ta mutu. A gefen ko wace taya da aka yi daga shekarar 2000 akwai lambobi huɗu a ƙarshen wani layin rubutu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2318, watau mako na 23 na shekarar 2018 ke nan. Wadda ta haura shekara shida, ni ba na shiga daji da ita. A tafi da safaya biyu, da faci, da famfon iska, da ma'aunin iskar. Cikin yashi a kan rage iska kusan rabi don tayar ta baje, amma da an hau ƙasa mai tauri a mayar, in ba haka ba zafi ya fasa ta.

To, yanzu ga babbar magana, watau nauyi. Doguwar Land Rover ta da, wadda a ke kira 109, sojan Ingila ma kashi uku cikin huɗu na tan suka ƙayyade mata, kimanin kilo 750 ke nan, nauyin buhun taki 15. Wannan kuwa tana sabuwa. Mu yi lissafi tare. Mutum huɗu da jakunkunansu, a ce kilo 300. Ruwa jarka huɗu mai lita 20, kilo 80, domin lita ɗaya kilo ɗaya ce. Man gas jarka huɗu, ko wace kusan kilo 17 ban da nauyin jarkar, a ce 80. Safaya ta biyu, da jak, da akwatin sifana, da shebur, da katako, sun kai kilo 100. Mun tashi 560, ba mu sa shinkafa ko tukunya ko tanti ba tukuna. A hanyar dawowa kuma sai mai gari ya ba ka buhun masara, direba ya sayi gawayi, wani ya ce a rage masa hanya. Haka sifirin ke karyewa, haka shaf ɗin ƙafar baya ke tsinkewa, sa'an nan a ce motar ce ta tsufa.

Inda a ke ɗora kayan ma abin dubawa ne. Na ga ana jera jarkokin mai a kan rufin mota, wai ya fi kyan gani. Motar nan dogon tsayi gare ta da ma, in ka ɗora mata kilo 100 a ka, hanya ta karkace a gefen kwari, kifewa za ta yi. Mai nauyi a ƙasa, tsakanin ƙafafun gaba da na baya, a ɗaure tam. Bisa kuwa sai tabarma da katifa da gidan sauro. Shi ya sa ni ke ƙin tantin nan da a ke kafawa a kan rufi, wanda matasa suka gano wurin Turawa masu yawon buɗe ido. Da kuɗinsa ka sayi tayoyi sababbi.

Wani zai ce, duk wannan wahala ta mece ce, me ya hana a nemi mota ta zamani? Amsa ita ce, ka tambayi kanka wa zai gyara ta in ta tsaya a ƙauyen da ba lantarki. Motar zamani kwamfuta ke bi da injinta, in ta ƙi tashi sai an kawo na'ura daga birni. Tsohuwar kuwa, makanikin da ke gyaran injin niƙa zai iya leƙa ta ya gane. Amma fa a yi hattara da kayan gyara. An daina ƙera tsohuwar Land Rover ɗin nan mai suna Defender tun watan Janairu na 2016, ita kuwa Land Cruiser samfurin 70 da aka fara a 1984 har yanzu ana yin ta. Kafin ka saya, zaga kasuwar kayan mota mafi kusa da inda za ka riƙa zuwa, ka ga kayan wacce suka fi yawa. Wannan ya fi sunan kamfani muhimmanci. Gaskiya kuma, tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, mutum ɗaya mai ƴar jaka ba shi da hujjar tayar da irin wannan mota, babur ya ishe shi. Tsohuwar Land Rover mai fetur da ƙyar lita ɗaya ke kai ta kilomita 6 ko 7 a kan kwalta, cikin yashi abin ya fi haka muni. Sai an haɗu mutum uku ko huɗu da kaya ta ke biyan kanta.

Kayan ko-ta-kwana kada su yi yawa. Fambel, tiyo, matatar mai biyu saboda man bakin hanya ba ya rasa datti, boris na ƙafa, fulogi ga mai fetur, waya, giris, man burki. Mai tsohuwar Land Rover ya ƙara da shaf na baya, domin nan ne rauninta, kowa ya sani. In ya tsinke ba ka da wani, a kan zare karyayyen a sa giyar ƙafa huɗu, ƙafafun gaba su ja ka sannu zuwa gari. Direba kuma ya san sandunansa. Mai rawayan kai a kan danna ta don ƙafa huɗu, mai jan kai a kan jawo ta baya don ƙaramar giya. Da an hau kwalta a mayar da ita ƙafa biyu, in ba haka ba ƙarafan ciki su murɗe. Jak yana son faffaɗan katako a ƙarƙashinsa, kada kuma kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. In ana jan mota daga taɓo, kowa ya ja da baya, igiyar da ta tsinke ba ta zaɓen wanda za ta doka.

Wajen kwana, abu kaɗan ne amma na rai. A lissafa wa ko wane mutum lita 10 na ruwa a yini, ban da na mota. Kada a sauka cikin busasshen rafi don yashinsa da laushi, ruwan da aka yi a nesa ya kan zo da dare. Kada a sauka kan burtali, kada a ratsa gonar mutum da mota. A kwanta bisa gado mai naɗewa cikin gidan sauro, a zazzage takalmi da safe, domin ƙasashen Gombe da Taraba akwai kububuwa, wanda ya nufi can ya san hanyar asibitin sarar maciji da ke Kaltungo. Kada a shigar da murhun gawayi cikin tanti saboda sanyin hunturu, kada kuma a kwana cikin mota inji na aiki. Hayaƙin da ke kisa ba shi da wari.

Akwai kuma abin da sifana ba ta gyarawa. Shekarun nan dazuzzuka da yawa na Zamfara da Katsina da Birnin Gwari sun zama maɓoyar 'yan bindiga, mota mai kyau kuwa ita ma abin nema ce. Kwanan daji sosai, irin na masu rangadin da, ba ko ina ya ke yiwuwa ba. A tambayi hakimi da dagaci da direbobin tasha labarin hanya tun kafin a tashi, a sauka tun la'asar, a kwana ƙofar gidan mai gari. Inda aka ce kada a bi, a haƙura. A bar wa mutanen gida takarda mai sunayen garuruwan da za a bi da ranar dawowa, domin waya ba ta kamawa ko ina. Wurin da ya yi nisa ƙwarai, mota biyu su tafi tare.

Tun da ba a fafe gora ranar tafiya, in makaniki ya gama aikinsa kada ka tashi washegari. Loda motar da dukan kayan da za ka tafi da su, ka yi tafiyar kwana biyu kusa da gida, ta hanya mai yashi da gargada. Cika tanki kafin ka fita, ka sake cikawa da ka dawo, ka raba da nisan da ka yi, ka san cin manta na gaskiya, ka ƙara sulusi a kai. Ajiye ta ta kwana bisa tsabtatacciyar ƙasa, da safe ka duba inda ya ɗiga. Sa'an nan ka bi notinan ƙafafu da na sifirin ɗaya bayan ɗaya da sifana, za ka sami waɗanda suka saki.