Ɗigon jini daga kunnen muzuru

Ƙanwata da ke aikin jinya a Ingila ta shaida mini cewa kullum kafin ta fita aiki sai ta huda kunnen muzurunta ta auna sukarin jininsa. Na yi dariya, kamar yadda na san mai karatu zai yi, domin a wurinmu kyanwa ma'aikaciya ce, ladanta ɓera da ragowar tuwo. Da ta faɗa mini dalili sai dariyar ta tsaya.

Kyanwa tana kamuwa da ciwon sukari, galibi irin nau'i na biyu da ke addabar dattawanmu, kuma ya fi kama muzurun da aka dandaƙe, ya yi ƙiba, ya kwana biyu a duniya. Alamomin ba baƙi ba ne: yawan shan ruwa, yawan fitsari, ga ci ga rama. Maganin da aka fi bayarwa shi ne allurar insulin sau biyu a rana.

To me ya hana a bar wa likitan dabbobi aikin awon? Tsoro. Da zarar an cusa kyanwa a kwando, an jijjiga ta a mota, ta shaƙi warin karnuka a asibiti, firgici kaɗai ya isa ya ɗaga sukarinta. Idan likita ya dogara da wannan adadi ya ƙara yawan allura, sai a koma gida, hankalinta ya kwanta, sukarin ya rikito ƙasa. Hawan sukari a hankali yake cin jiki, amma faɗuwarsa tana iya jawo jijjiga da suma, har da mutuwa, a yini guda.

Shi ya sa ake awon a gida. Ana ɗumama kunnen, a soki gefensa inda wata siririyar jijiya ta bi, a ɗauki ɗigo ɗaya. Lokaci-lokaci kuma akan ware rana a riƙa aunawa duk bayan awa biyu har awa 12, don a gano inda sukarin ya fi yin ƙasa, tunda da wannan adadin likita ke daidaita allura. In ya sauka ƙasa da 60 a ma'aunin mg/dL, akan shafa zuma a dasashi a garzaya asibiti. Na'urar mutane takan nuna ƙasa da gaskiya a jinin kyanwa, saboda yawancin sukarinta a ruwan jini yake, ba cikin jajayen ƙwayoyi ba. Don haka aka ƙera irin su AlphaTRAK domin dabbobi. Wasu ma manna wa kyanwar FreeStyle Libre suke yi, mai aiki har kwana 14.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ciwon yakan lafa. Kyanwar da aka fara yi wa magani da wuri, aka rage mata abinci mai sitaci, tana iya daina buƙatar insulin. Wanda ba ya awo ba zai san ranar ta zo ba, sai ya ci gaba da tsira mata allurar da ta zama guba.

Ina cikin sauraronta kawuna ya faɗo mini a rai. Shi ma insulin yake yi, kuma ba a auna shi sai ranar ganin likita, sau ɗaya a wata. Idan ranar ta matso sai ya ƙaurace wa tuwo da shayi mai sukari kwana biyu, don kada likita ya yi masa faɗa. Tsoro yana sa adadin muzuru ya hau, shi kuwa Kawu tsoro yana sa nasa ya sauka, kuma a kan wannan adadi ake rubuta masa magani na wata guda cur.

Ba rashin na'ura ba ne, ni na saya masa bara. Da na leƙa gaishe shi ranar Juma'a na ce, "Kawu, ina na'urar nan?" Ya ce tana cikin akwati, ba abin da ya same ta. 'Yan takardun gwajin ne suka ƙare tun kafin Babbar Sallah, kuma da ya ji kuɗin kwalba ɗaya a kemis sai ya ga gara ya sayi allurar.