Bayan Tiyatar Kansar Mafitsara, Wa Zai Kira Majinyaci Ya Dawo?

Ranar da aka sallami mai kansar mafitsara daga asibiti, gida yakan cika da 'yan barka. An sayar da sa, an jinginar da gona, dangi sun yi karo-karo, likita ya kankare ƙarin, fitsari ya washe. Kowa sai hamdala. Katin da aka rubuta ranar komawa kuwa yana ƙarƙashin katifa, babu mai waiwayarsa.

Ga shi kuwa kansar mafitsara tana cikin waɗanda suka fi komowa. A duniya, kusan kashi 75 cikin 100 ana gano su tun ƙarin bai ratsa naman bangon mafitsara ba, sai a kankare shi ta hanyar fitsari ba tare da an yanka ciki ba. Amma kimanin rabin masu irin wannan, ƙarin yakan sake tsirowa cikin shekara 5, domin abin da ya ɓata wuri ɗaya, kamar gubar taba sigari da ke taruwa a fitsari, ya shafi fatar cikin mafitsara gaba ɗaya. Kuma sabon tsiro ba ya sallama. Mutum yana noma, yana zuwa kasuwa, ba zafi ba jini, alhali abin yana girma.

Shi ya sa likitocin mafitsara suka tsayar da wata 3 bayan aiki a matsayin ranar leƙawa ta farko, da siririn bututu mai kyamara. Wanda nasa ƙarin mai haɗari ne, ana leƙa shi duk wata 3 har shekara 2, sannan duk wata 6 har shekara 5, daga nan sau ɗaya a shekara. Wasu kuma ana ɗura musu BCG a mafitsara, wato dai ƙwayar rigakafin tarin fuka da ke barin tabo a damtsen jarirai. Dakta Alvaro Morales ne ya fito da wannan hanya a Kanada a 1976: sau ɗaya a mako har mako 6, daga baya kuma aka ƙara da maimaitawa tsawon shekara 1 zuwa 3. Wanda ya tsaya a rabi ya bar magani a rabi.

Bututun nan ba daɗi gare shi ba, kuma dattijo yana jin nauyin tuɓewa gaban yaran likitoci. Wannan gaskiya ne, bai kamata a raina shi ba. Sai dai leƙawar 'yan mintoci ce, kuma ita ce ke raba tsiron da za a kankare da wanda zai sa a cire mafitsara ɗungurungum.

A ƙasar Hausa akwai ƙarin dalili. Tsargiya, wadda yara ke kwasowa a kududdufi da madatsun ruwa da fadamun noman rani, tana cikin abubuwan da hukumar binciken kansa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tabbatar suna haddasa kansar mafitsara. Wanda ya tashi yana ganin jini a fitsarin sa'o'insa ba ya razana da shi. To ga wanda aka taɓa yi wa aiki, jini ko sau ɗaya ne, ko babu zafi, asibiti ya kamata a nufa a makon, ba kemis ba, ba mai maganin sanyi ba. Irin kansar da tsargiya ke jawowa kuma takan riga ta yi nisa kafin a gano ta, shi ya sa da yawa sai an cire musu mafitsara.

Waɗannan su ne aka fi mantawa da su. Mai jakar fitsari a gefen ciki yana bukatar a riƙa auna ƙodarsa da gishirin jininsa, a kula da bitamin B12 tunda an yanki hanji aka yi masa hanya, a ɗauki hoton ciki da ƙirji. Yana bukatar jaka mai kyau wadda ba ta yoyo. Yana kuma bukatar malamin da zai zaunar da shi ya faɗa masa cewa fiƙihu ya yi sauƙi ga mai yoyon fitsari, don kada kunya ta raba shi da sahu.

Laifin rashin komawa asibiti ba na majinyaci kaɗai ba ne. Asusun tallafin masu kansa na Gwamnatin Tarayya ya fara ne da kansar mama, ta bakin mahaifa da ta prostate. Mai ta mafitsara daga aljihunsa yake biya, ga kuɗin mota daga ƙauye zuwa Kano ko Zariya ko Sakkwato. Ya kamata a saka ta cikin asusun, tare da kuɗin leƙawa da na BCG. Likita ya faɗa wa dangi tun kafin tiyata cewa lissafin na shekara 5 ne, don kada a ƙarar da komai a rana ɗaya. Kowane sashen mafitsara kuma ya ajiye rajista da lambar waya biyu, ta majinyaci da ta ɗansa ko ƙaninsa, a ɗora wa ma'aikaciyar jinya ɗaya alhakin bugawa duk wanda ranarsa ta wuce da mako biyu bai zo ba.