Sodar Haɗa Sabulu a Gida: Me Ya Sa Kurɓa Ɗaya Ke Iya Toshe Wa Yaro Hanyar Abinci?

Tun bayan cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, tsadar rayuwa ta ƙara tura mata zuwa sana'o'in cikin gida, ciki har da haɗa sabulun ruwa da na wanki. Sana'a ce mai rufa asiri, amma ta shigo da kostik soda cikin gidajen da yara ke wasa. Idan an jiƙa sodar nan ba ta da launi, ba ta da wari, ba a bambanta ta da ruwan sha. Sau da yawa kuma a gorar lemo ko robar ruwa ake ajiye ta, inda yaro mai jin ƙishirwa zai ɗauka ya kurɓa.

Ma'aunin pH

Don gane girman haɗarin, sai an san ma'aunin pH, wanda masanin sinadarai ɗan ƙasar Denmark, Sørensen, ya fito da shi a 1909. Ma'aunin yana farawa daga 0 zuwa 14. Tsaftataccen ruwa yana kan 7, wato tsaka-tsaki. Abin da ke ƙasa da 7 asid ne, kamar ruwan lemon tsami da ke wajen 2. Abin da ke sama da 7 kuwa alkalin ne, dangin kanwa da ruwan toka. Jinin mutum yana tsakanin 7.35 da 7.45. Duk mataki ɗaya a ma'aunin ninki goma ne. Sabulun wanka yana wajen 10, jiƙaƙƙiyar soda kuwa tana kai 13 zuwa 14, wato ta ninka shi sau dubu ko fiye.

Yadda take yin ɓarna

Mutane sun fi tsoron asid, irin ruwan batir. Amma alkalin mai ƙarfi yana narkar da kitse da naman jiki, ya ci gaba da ratsawa ciki. Idan ciwon ya fara warkewa, tabo yakan tsuke hanyar abinci da ta haɗa maƙogwaro da tumbi. Bayan wasu makonni sai yaro ya kasa haɗiye tuwo, daga baya kunu ma ya gagara. Irin waɗannan yara sukan buƙaci a riƙa buɗa musu hanyar a asibiti lokaci bayan lokaci, wasu har sai an yi musu babbar tiyata.

Idan abin ya faru

Kada a sa yaron amai, domin sodar za ta sake ƙona hanyar da ta bi. Kada a ba shi lemon tsami ko tsamiya da nufin kashe ƙarfinta: haɗuwar asid da alkalin tana fitar da zafi, ta ƙara ƙunar. Manja ma ba magani ba ne, yana iya jawo amai ko ya sarƙe shi. A goge masa baki da ruwa, a cire kayan da suka jiƙe. Idan ta taɓa fata ko ido, a yi ta kwarara ruwa na aƙalla minti 20. Sannan a garzaya asibiti tare da gorar da ya sha. Rashin ganin ƙuna a baki ba ya nufin ciki lafiya yake.

Ina mafita?

Hana mata sana'a ba shi ne mafita ba. Masu koyar da haɗa sabulu, da ƙungiyoyin da ke raba kayan sana'a, ya kamata su fara darasi da yadda ake adana soda. Masu sayarwa su daina ƙulla ta a leda babu rubutun gargaɗi, hukumar NAFDAC kuma ta ƙara sa ido a kasuwanni. A gida kuwa, a jiƙa iya wadda za a yi aiki da ita, a kulle ragowar a wuri mai tsayi, kuma kada a taɓa zuba ta a mazubin abin sha.