A Duba Tsohon Silin Kafin A Ɓalle Shi

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in ja hankalin shugabannin ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, da 'yan kwangila, da jama'ar karkara baki ɗaya, game da tsohon farin silin nan da ake kira asbesto.

Kowa ya san halin da yankinmu ya shiga saboda 'yan bindiga. Tun kafin a sace ɗaliban sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, har bayan nan, akwai makarantu da ɗakunan shan magani na ƙauye da suka daɗe a rufe, iska ta yaye kwano, ruwa ya jiƙa silin ya rufto. Duk inda aka samu sauƙi jama'a suka koma gida, sai an yi gyara. To madalla. Amma fa da yawa daga cikin waɗannan gine-gine tun zamanin UPE ne na 1976, ko shekarun da suka biyo baya, lokacin da silin asbesto ke tashe, har masana'antarsa aka kafa a Bauchi.

Shi asbesto wani dutse ne mai zare-zare da ake haƙowa a haɗa da siminti. In yana lafiyarsa a sama, ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. Matsalar tana farawa ranar da lebura ya hau da guduma ko zarto. Ƙurar da ke tashi tana ɗauke da zaren da ido ba ya gani, wanda in ya shiga huhu sai ya maƙale. Ba a nan take yake kayar da mutum ba. Sai bayan shekara 20, ko 30, har 40, sannan numfashi ya fara gagara, ko ciwon daji ya kama huhu ko fatar da ta lulluɓe shi. In mutum mashayin taba ne, abin ya fi muni. A lokacin wa zai tuna da aikin kwana uku da ya yi a wata firamare yana saurayi? Sai a ce asma ce ko tarin fuka, wasu ma su ce sammu ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum fiye da 200,000 ke mutuwa duk shekara saboda shaƙar wannan ƙura a wurin aiki.

Shi ya sa ƙasashe fiye da 50 suka hana amfani da shi. Ingila ta hana gaba ɗaya a 1999, Afirka ta Kudu, wadda da can take haƙo shi tana sayarwa, ta hana a 2008. A Amurka doka ta ce kafin a rushe makaranta ko asibiti ko wani ginin jama'a sai an fara bincika ko akwai asbesto, sannan a sanar da hukuma a rubuce kwana 10 na aiki kafin a ɗaga guduma. Mu ma nan muna da hukumar NESREA ta tarayya da aka kafa a 2007, wadda ta fitar da ƙa'idojin aikin gine-gine a 2011, ga kuma hukumar kare muhalli ta jihar Katsina. Sai dai kafintan Daudawa ko birkilan Damari ba ya jin labarinsu, balle leburan da aka ɗauka a bakin kasuwa.

Don haka ina kira ga shugabannin ƙananan hukumomin nan uku da hukumar ilimin firamare ta jiha, kada a sa hannu a kwangilar gyaran tsohon gini sai an rubuta a cikin takardar cewa za a duba silin da rufin tukuna. Ido kawai ba ya rarrabewa, domin sabon silin da babu asbesto a cikinsa kamarsu ɗaya da tsohon, sai an kai ɗan ɓalli ɗakin gwaji. In hakan ya yi wuya, a ɗauka duk tsohon silin yana da shi. A kuma wajabta wa ɗan kwangila ya sanar da duba-gari da hedimasta da mai gari tun da sauran mako biyu, a yi aikin lokacin hutu, yara ba sa nan. Wannan ai ba ya cin kuɗin da ya kai na fenti.

Ku kuma 'yan'uwana masu aikin hannu, ku jiƙa silin da ruwa sosai, ku zare ƙusa ku sauko da shi ɗungurungum, kada ku farfasa. Kada a share wurin da busasshiyar tsintsiya, musamman da hunturu. Rawani ko ƙyalle a hanci ba ya tare wannan zare, ku nemi ɗan kwangila ya ba ku takunkumi na musamman. Kayan aikin ma kada a kai gida a ba uwargida ta kakkaɓe, domin ta haka mata da yawa suka kamu a ƙasashen waje.

Abin da ya fi damuna shi ne ɓaraguzan. A ƙauye ba a zubar da komai, wani ya ɗiba ya rufe akurkin kaji, wani ya toshe ramuka a ƙofar gida, yara su ɗauki gutsure suna zane a bango. Don Allah 'yan gwangwan da masu sayar da tsofaffin kayan gini a kasuwar Sheme da sauran kasuwanninmu, in an kawo muku tsohon silin ko da kyauta ne, kada ku karɓa. A ƙunshe shi da jiƙarsa cikin leda mai kauri, ƙaramar hukuma ta ware rami nesa da rijiya da gona a binne shi, a sa alama don kada wani ya tono.

Wassalam.

Naku,
Mai kishin karkara, daga Faskari.