Jarumarmu Ta San Shawarma, Ba Ta San Tafasa Ba

Maudu'in wannan makon daga bakin Ƙofar Marusa muka tsinto shi. Damina ta zauna, muna dawowa daga taron ƙungiya mu huɗu, sai muka tarar da wata dattijuwa a tsugune cikin wani kango tana tsinkar ganye. Muka gaishe ta, ɗayanmu ya ce, "Iya, wannan ganyen mene ne?" Ta ɗago ta dube shi ta ce, "Ɗana, a Katsina aka haife ka ba ka san tafasa ba?" Dukkanmu mun sha cin kwaɗon tafasa da ƙuli-ƙuli, amma babu wanda ya gane ta a tsaye. Kuma kowannenmu marubuci yake kiran kansa.

Mu duba labaranmu tsakani da Allah. Idan jaruma 'yar masu kuɗi ce, za mu ɓata shafi guda muna lissafa shawarma da soyayyar shinkafa da kaji. Idan 'yar talaka ce, sai mu ce "ta samo ganye ta dafa", mu wuce. Wane ganye? A ina ta samo? Wannan lalaci ne, kuma raini ne ga matan da suka riƙe gidaje da wannan ilimi.

A Turai da Amurka akwai masu fita daji musamman don tsintar ganyen ci, har littattafai suke wallafawa a kai. Cikin abin da suke ji da shi akwai wata 'yar ciyawa mai ganye uku masu siffar zuciya, wadda masana tsirrai ke kira Oxalis. Tsami gare ta, kuma sinadarin da ke kawo tsamin ne ya sa ake gargaɗin masu tsakuwar ƙoda kada su yawaita cinta. Mu namu tsamin na yakuwa ne. Iyayenmu mata sun san a tafasa ta a zubar da ruwan, ko a jefa 'yar kanwa a kashe tsamin. Sun san 'ya'yanta ake yin daddawar batso da su. Sun san rama da lalo da gasaya da yaɗiya, kowanne da lokacinsa da yadda ake sarrafa shi.

Wannan sani ya taɓa raba mutane da mutuwa. A yunwar 2005 a yankin Maraɗi, nan maƙwabtanmu, iyalai da dama da ganyen daji da 'ya'yan anza suka rayu. Anza kuwa ɗaci gare ta, sai an jiƙa ta kwanaki ana sauya ruwa kafin ta ciwu. Marubucin da bai san haka ba, ta yaya zai rubuta labarin yunwa har mai karatu ya yarda da shi?

Akwai haɗari kuma. Tafasa na da 'yar uwa mai kama da ita, wato rai ɗore. Ganyen tafasa bibbiyu ne sau uku a sanda ɗaya, bakinsu a zagaye. Na rai ɗore sun fi yawa, bakinsu da tsini, kuma an fi saninsa a wajen magani. Zaƙami kuwa guba ne mai juya hankali. Idan muka rubuta kuskure, wani yaro na iya karantawa ya gwada.

Wani zai ce masu karatu daula suke so, ba wanda zai sayi labarin kwaɗo. Mun yarda kasuwa na da ƙarfi. Sai dai mai karatun nan da ke son daula, a gidansu ana miyar yakuwa, kuma ran da ya ga kakarsa cikin labari ba zai ajiye shi ba. Ba mu ce a daina rubuta masu kuɗi ba. Cewa muka yi talaka ma a ba shi hakkinsa na bayani.

Tun 1916 wani likita Bature, J. M. Dalziel, ya wallafa littafin sunayen tsirrai na Hausa. Yau gidaje sun cinye filayen bayan ganuwa, maganin feshi na ƙone ganyen bakin gona, masu sanin sunayen kuma suna ta tsufa. Idan mu ba mu rubuta ba, wa muke jira?

Aikin wannan makon: kowa ya zauna da wata tsohuwa a gidansu ko unguwarsu, ya tambaye ta ganye uku da ake ci a damina, inda suke fitowa da yadda ake dafa su. Sannan ya rubuta sakin layi ɗaya na labari da ɗaya daga cikinsu, ya kawo mu karanta tare. Kada dai kowa ya ɗanɗana ganyen da ba a nuna masa ba, ko wanda ya fito a bakin kwata. Allah Ya ƙara mana basira.