Taron Unguwa Kan Shaye-shaye: Ina Mai Sayarwa?



Kwanakin nan kusan duk unguwar da ka leƙa taro ake kira kan shaye-shayen matasa. Madalla. Dama mun daɗe muna cewa abin nan ya fi ƙarfin hukuma ita kaɗai. Tun a 2018 binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna sama da mutum miliyan 14 ne ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Najeriya, kuma cikin kowane huɗu ɗaya mace ce. A shekarar ne aka haramta maganin tari mai kodin. To, an daina sha? Leƙa kwatar bayan gidanku, kwalabe za su ba ka amsa.

Amma ku dubi yadda ake taron. A kafa rumfa, a jera kujeru, a zauna jiran babban baƙon da aka ce ƙarfe goma, sai bayan azahar ya iso. Wannan ɗabi'a ma ta ishe mu! A shanya dattawa a rana, wasu ko karyawa ba su yi ba, don mutum ɗaya ya zo ya karanta takardar da wani ya rubuta masa, a ɗauki hoto, ya shige mota. Liman ya yi nasiha, mai unguwa ya ja kunne, a tsine wa yaran zamani, a shafa fatiha.

Yaran da ake taron dominsu fa? Suna can jikin katanga suna kallo, ba wanda ya miƙa musu abin magana. Uwar da ta san ranar da ɗanta ya fara kwana a waje tana cikin gida, ba a gayyace ta ba.

Ba wanda kuma ya tambaya, wa yake sayarwa? Taramol ba daga sama take faɗowa ba. Wiwi ba a tsakar gidanmu take tsirowa ba. Akwai mai sayarwa, kuma unguwa ta san shi. An san shagonsa, an san lokacin da yake buɗewa. Wani lokacin ma shi ya biya kuɗin rumfar, ga shi a sahun gaba ana ce masa Alhaji. An san wanda ke raba wa yara ƙwaya idan kakar zaɓe ta kama. Yaro ya sha duka a hannun 'yan sintiri, mai sayarwa kuwa a raka shi har bakin mota!

Don Allah iyayenmu masu unguwanni, taro na gaba ku sauke teburin manyan baƙi. Ku shimfiɗa tabarma, ku ware wa iyaye mata nasu zaman, ku ba yaron da ya daina sha dama ya faɗi yadda ya fara da inda yake sayowa, ku kuma rufa masa asiri. Sannan ku ɗauki sunan mai sayarwa ku kai inda ya dace, ko da ɗan gidanku ne.