Kura da Shan Bugu, Gardi da Ɗaukar Kofi

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, muna so mu ta da wata magana wadda da yawa za su ce ba ta kai a ɓata mata tawada ba, watau maganar dokar canjin 'yan wasa a gasannin nishaɗi na yara. Mu kuwa mun ce ta kai, har ta yi saura. Domin kuwa filin wasa shi ne wuri na farko da yaro yake gamuwa da dokar da ba ta gidansu ba, kuma a nan ne yake fara gane ko doka kariya ce ga kowa, ko kuwa tarko ce da aka haƙa wa marar gata. Abin da ya gani a bakin fili yana ɗan shekara goma sha uku, shi zai ɗauka ya shiga ofis da shi yana ɗan shekara talatin.

Duk wanda ya tashi cikin birnin Sakkwato, daga Ƙofar Marke zuwa Ƙofar Rini, daga Ƙofar Taramniya zuwa Ƙofar Atiku, ya san yadda ake kafa ƙungiyar yara. Su yi karo-karo su sayi ƙwallo da riguna, su share fili, su riƙa fitowa atisaye bayan la'asar. Haka kuma abin yake ga 'yan ƙwallon gora, watau hoki, a makarantun da har yanzu ake riƙe da sandar. To, ranar da aka buɗe gasa sai a raba yaran nan kashi biyu: masu shiga fili, da masu zaman benci. A kan waɗannan na biyu ake tafka zalunci iri biyu, kuma dukansu da sunan doka ake yin su.

Zalunci na farko shi ne ƙayyade canji. Masu shirya gasa sukan zauna su rubuta cewa canji biyu ko uku kaɗai aka yarda, kuma wanda ya fita ba shi da damar komawa. In ka tambaye su inda suka samo wannan, sai su ce ai haka ake yi a duniya. Wace duniyar? A ƙwallon ƙafa na manya, gaskiya ne an daɗe ana ƙuntata canji. Sai a 1965 aka yarda da shi a gasar lig ta Ingila, shi ma don wanda ya ji rauni kawai. A gasar cin kofin duniya kuwa sai a 1970 a Meziko aka fara, mutum biyu ga kowace ƙungiya. Aka kai uku a 1995, aka kai biyar a 2020 lokacin annobar korona, sa'an nan aka tabbatar da biyar ɗin a 2022. Ashe ko manyan da ake kwaikwayo sun daɗe da barin inda masu shirya gasar yaranmu suka tsaya. Daɗin daɗawa, hukumar da ke tsara dokokin ƙwallon ƙafa ta ba ƙasashe izinin barin ɗan wasa ya fita ya sake komawa a wasannin yara da na unguwanni.

A ƙwallon gora kuwa, uzurin ma babu shi ko kaɗan. Tun cikin shekarun 1990 Hukumar Ƙwallon Gora ta Duniya, wadda aka kafa a birnin Faris a 1924, ta saki canji babu iyaka. Ɗan wasa yana iya fita ya huta ya dawo sau nawa aka ga dama, muddin an yi musayar a kusa da layin tsakiya, kuma wanda zai fita ya riga ya fita kafin na waje ya shiga. Ba a tsai da agogo saboda canji, in ba na mai tsaron gida ba. Lokacin da aka hana canji kawai shi ne sa'ad da aka ba da bugun kusurwa na laifi, har a gama shi. Wannan ita ce dokar da ake bi har a wasannin Olamfik, inda ƙasashe ke fafutukar neman zinariya. To, in waɗanda ke neman zinariya sun yarda kowa ya shiga ya fita, da wace hujja za a hana yaran da ke neman ɗan kofin da bai kai tulu ba?

Bari mu yi lissafi, don kada a ce zafin kai ne kawai irin na ɗalibai. Wasan ƙwallon gora a dokar yanzu minti 60 ne, kashi huɗu, kowane kashi minti 15. Mu ajiye mai tsaron gida gefe, saura gurbi 10 a fili, watau minti 600 ke nan na wasa da za a raba. In ƙungiya tana da yara 16, ban da mai tsaron gida saura 15, kowane yaro zai iya samun minti 40 cif in da za a raba daidai. Mu ba mu ma nemi a raba daidai ba. Abin da muka nema shi ne kowane ɗan benci ya sami kashi ɗaya, minti 15. Yara 5 sau minti 15 ya ba da minti 75, watau ɗaya bisa takwas na lokacin duka. Kocin da ya ce ba zai iya sadaukar da ɗaya bisa takwas ba don yaran da suka yi wata da watanni suna bin sa atisaye, lalle ya manta dalilin da ya sa iyaye suka ba shi amanar 'ya'yansu.

Kada kuma mu manta da inda muke zaune. A Sakkwato daga watan Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40. Dokar da ta tilasta wa yaro ya yi ta gudu cikin wannan rana har numfashinsa ya sarƙe, saboda in ya fita ba dama ya dawo, alhali ga ɗan'uwansa zaune da ƙarfinsa yana kallo, ta cuci na ciki ta cuci na waje. Wanda ya rubuta ta a ƙarƙashin fanka ya rubuta ta.

Zalunci na biyu ya fi na farko muni, shi ne shigo da sojan haya ta ƙofar canji. Yara su sha wahala tun daga wasan farko har su kai ƙungiyarsu wasan kusa da na ƙarshe. Ranar nan sai ka ga baƙuwar fuska a bakin fili, ƙato mai gemun da aka kankare da safe, an sa masa rigar wani, ana kiran sa da sunan wani. A ce wai wane ba shi da lafiya, ko ya yi tafiya, shi ya sa aka kawo madadinsa. Shi kuwa wanen yana nan tsaye a bayan 'yan kallo, an ce ya yi shiru don amfanin ƙungiya. A ci kofi, a ɗauki hoto da baƙon a tsakiya, a sallame shi da abin da aka yi alkawari. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi! Abin mamaki shi ne, dokar nan da ta yi tsauri ƙwarai wajen hana yaron da ya yi rajista shiga fili, ita ce kuma ta yi sako-sako wajen tantance wanda aka ɗauko daga wata unguwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, wannan bango kuwa da gangan aka tsaga shi.

Wanda yake ganin abin wasan yara ne, ya dubi inda wannan ɗabi'a ta kai ƙasar nan. Nijeriya ce ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 16 karo na farko da aka yi shi, a ƙasar Sin a 1985. Amma a 1989 hukumar FIFA ta dakatar da mu shekara biyu daga gasannin matasa, saboda ranakun haihuwar wasu 'yan wasa uku da aka kai Olamfik na 1988 sun saɓa da waɗanda aka bayar a baya. Ta kuma ƙwace mana baƙuncin gasar matasa ta duniya ta 1991, ba mu sami karɓar ta ba sai a 1999. A 2009 aka fara auna ƙashin wuyan hannu da na'urar MRI don gane shekarun 'yan wasa. A 2016 'yan wasa 26 na ƙungiyarmu ta 'yan ƙasa da shekara 17 suka faɗi wannan awo, maƙwabciyarmu Nijar kuma ta fitar da mu daga gasar Afirka, alhali mu ke riƙe da kofin duniya na 2015. Wannan kunya ba daga sama ta faɗo ba. A filayen unguwa da na makaranta aka shuka ta, ranar da aka koya wa yaro cewa amsa sunan wani dabara ce, zaman benci kuwa rabon marar wayo ne.

Mun san abin da za a ce mana. Za a ce gasa don a ci ake yin ta, kuma gwani shi ya cancanci fili. Mun ji. Amma gwanin nan a ina ya koyi gwanintar? Ba a koyon iyo a tudu, ba a kuma koyon riƙon sanda a kan benci. Yaron da yake baya a bana yana iya zama na gaba baɗi, domin yara ba sa girma lokaci ɗaya. Wani yakan yi tsawo da wuri, wani sai daga baya. Kocin da ya yanke wa ɗan shekara goma sha biyu hukuncin cewa ba zai iya ba, girman jiki ya auna, bai auna basira ba. Kuma in gwaninta ce ma'auni, me ya kawo ƙaton da aka yi haya? Cin yara da babba ba gwaninta ba ce, fin ƙarfi ne.

Za a ce kuma wani lokaci ƙungiya takan rasa mutane da gaske, saboda ciwo ko jarrabawa ko aikin gona. Wannan gaskiya ne, ba kuma muna so a kori ƙungiya don zazzaɓi ya kwantar da 'yan wasanta ba. Maganinsa shi ne a yi doka bayyananniya tun kafin a busa usur na farko, yadda aron ɗan wasa zai zama cike gurbi a gaban kowa. Za a ce har wa yau sakin canji zai fifita ƙungiya mai yawan mutane. Maganin wannan ma mai sauƙi ne: a ƙayyade yawan waɗanda za a rubuta, kowa 16, sa'an nan a bar su su yi wasa.

Ƙwallon gora ya fi kowane wasa bukatar wannan gyara. Ƙwallon ƙafa ko da tsumma aka ƙulla yara za su buga shi, in ɗaya ya yi fushi ya bari goma za su zo. Shi kuwa ƙwallon gora sai da sanda, sai da mai koyarwa, masu yin sa kuma 'yan kaɗan ne. Duk yaron da ya gaji da zaman benci ya jingine sandarsa, da wuya a sami mai ɗaukarta. Masu kukan cewa wasan yana mutuwa a makarantunmu su fara duban bencinsu, a nan ake yi masa jana'iza.

Saboda haka ga abin da muke kira a rubuta cikin dokar kowace gasar yara, ta gora ce ko ta ƙafa. Na ɗaya, a rufe rajista kafin wasan farko, da suna da hoto da shekarun kowane yaro, a kuma ba kowace ƙungiya takardar abokan karawarta. Na biyu, a saki canji, wanda ya fita ya iya komawa. Na uku, duk yaron da aka rubuta kuma ya zo da lafiyarsa, a ba shi aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na lokacin wasa, a sa mai riƙe da takarda a bakin fili ya riƙa rubutawa. Na huɗu, ba a aron ɗan wasa sai in ƙungiya ta kasa cika 11, kuma ya zama sa'an yaran ne, a sanar da ɗaya ɓangaren kafin a fara. Na biyar, wanda bai buga wasannin farko ba kada ya taka fili a wasan kusa da na ƙarshe ko na ƙarshe. Na shida, in an kama maguɗi, koci da shugaban ƙungiya za a dakatar, domin yaro bai ɗauko kansa haya ba.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar kasafin kuɗi ko izini daga Abuja. Takarda ce da biro, sai kuma mutum mai tsoron Allah da zai riƙe su. Su wa ke shirya gasannin nan in ba mu ba? Mu ne muke komawa unguwa lokacin hutu a naɗa mu alƙalan wasa. Mu ne malaman wasanni a makarantu, mu ne masu bautar ƙasa, mu ne ƙananan ma'aikatan da ake turawa su tsara jadawali. Mun iya hawa mumbari a jami'a mu la'anci maguɗin zaɓe da ɗaukar aiki ta hanyar sanayya, to, ga ɗan ƙaramin maguɗi nan a hannunmu, wanda ba ya bukatar zanga-zanga kafin a kau da shi. In mun kasa yi wa yara 16 adalci a kan minti 60, da wane baki za mu nemi a ba mu amanar jama'a?

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Duk wanda aka gayyata cikinmu zaman shirya gasa, ya nemi a karanta masa dokar canji kafin ya sa hannu, in ya ga babu rabon ɗan benci a ciki ya ƙi sa hannun. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar na ƙasa da mu, amin.